Ilu Ba Ya Cikin Ƙidaya

Ni Kubura, ƙanwar Ilu ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma har yau in na tuna malamin ƙidayar nan sai na ji tuwo ya fita raina.

Ƙauyenmu Unguwar Hamma, can bayan Beli, tsakanin Karaye da Rogo. In ka je Karaye a ce kai na Rogo ne, in ka je Rogo a ce ka koma Karaye. Ba mu da rafi, ba mu da rijiyar kirki, sai wani tafki da muke sha tare da shanu. Duk damina kurkunu ya kwantar da rabin gari, gyaɗa na gona ba mai nome ta. Shi kansa Yaya Ilu ƙafarsa ta hagu kurkunu ne ya lanƙwasa ta, shi ya sa ba ya zuwa cin rani kamar sauran maza.

Bayan yaƙin Bama aka yi shela cewa Bature zai sa a haƙa rijiyar siminti a duk ƙauyen da ya kai mutum ɗari biyu. Yaya ya ɗauki ƙwarya ya bi gari gida gida yana ɗingishi, kowane rai ya jefa masa ƙwayar gyaɗa ɗaya, har jaririn da ba a raɗa wa suna ba. Ya zube a tabarma ya ƙirga sau uku: ɗari biyu da goma sha huɗu. Ya sake bin gidajen yana roƙo. "Don Allah kada a ɓoye kowa. Wannan ba ɗibar aikin tilas ba ce, ta ruwa ce." Kowa ya ce to.

Sai da rani tsakiya, maza duk sun watse, aka turo malamin daga birni, da dogon alƙalami a kunne da hanci a sama. Ya ƙi shiga ko zaure, wai ƙuma. A bakin zana yake tsayawa ya ɗaga murya: "Matar gida, 'ya'yanki nawa?"

To wace uwa ce a ƙasarmu za ta buɗe baki gaban baƙo ta lissafa ɗan farinta? Kunya ce, da ita aka raine mu. Mai biyar ta ce huɗu, mai ɗaya ta ce Allah bai kawo ba tukuna. Ina tsaye kusa da Inna ya tambaye ta, mu shida ne, ta sunkuyar da kai ta ce, "Biyar." Yaya na tsaye a bayan malamin da ƙwaryarsa a hannu.

Da la'asar malamin ya haɗa: ɗari da tamanin da uku. Yaya ya durƙusa a gabansa. "Allah ya gafarta Malam, 'ya'yan fari ne ba a faɗa ba. Ga ni nan, ni ma ba na ciki. A sake tambaya."

"Abin da na rubuta na rubuta," in ji shi. "Bature ba ya son goge-goge a takarda."

Ka ji ɗan banza! Da Bature ne sai in ce bai sani ba. Wannan Bahaushe ne, uwa ce ta haife shi, ya san sarai abin da ya faru, ganda ce kawai da raini. Ya hau dokinsa ya tafi, rijiya ta faɗa wani ƙauye mai nisan rabin yini, mu kuma aka jingina mu da su a takarda kamar ba gari ba ne.

Yaya ya shigo gida idonsa jajir. "Inna, ni ba ke kika haife ni ba?" Ta juya masa baya ta ce da ni, "Ba wancan fura." Tun da ta haife shi abin da take kiransa ke nan, wancan.

Kashegari ya ɗauki dundurusu ya fara haƙa a bayan gari shi kaɗai, mata na ja masa ƙasa da guga. Rani na farko ya ci karo da dutse, ya sake wuri. Rani na uku ya kai gaba goma sha ɗaya, ƙasa ta fara fitowa da danshi, har muka yi guɗa. Amma ramin ƙasa ne tsura, ba siminti, ba abin da zai riƙe shi. Wata Laraba da hantsi ina riƙe da igiya, Yaya na cikin ramin, gefen ya zabtaro.

Mutane suka taru suna tona da hannu. Sai ga Inna a guje ba mayafi, ta ture kowa, ta kwanta rub da ciki a bakin ramin, gaban surukanta da kowa da kowa.

"Ilu! Ilu! Ɗana na fari!"

Shekararsa talatin da huɗu yana jiran ya ji ta faɗa, ta faɗa kuma ƙasa gaba biyu a kansa.