Larabar da Haulatu Ta Nema

Duk wanda ya yi biki a Zangon Lome shekara goma baya ya ci girkin Haulatu, ko ya sani ko bai sani ba. 'Yar Malam Sabitu ce, mai makarantar bayan masallaci, wanda kakansa ya zo daga Katsina da fataucin goro. Da safe koko da ƙosai take sayarwa a ƙofar gida. Ranar suna ko aure ko sadakar mutuwa kuwa, ita ce ta farko a gindin murhu, da muciyarta a hannu, ba sai an aika mata ba. Ni Assana, ni ce magajiyar matan layinmu, na girme ta da shekara takwas. Ni na jawo ta cikinmu, ni kuma na sa aka juya mata baya. Shi ya sa nake ba da labarin da bakina, kafin wani ya bayar ya yi mini kara.

Ɗanta ɗaya, Munir. Ya shekara uku bai ce "Umma" ba. Ka kira shi, ko waiwaye. Amma a kunna lasifika a layi, sai ya toshe kunnuwa ya dinga buga kansa da bango har goshin ya kumbura. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi addu'a. Daga baya likita ya ce ba iska ba ce, ba sammu ba, otizim ake kiransa, haka ƙwaƙwalwarsa take, koya masa za a yi a hankali. Mijinta Salahu direban babbar mota ne, Lome zuwa Wagadugu, sati biyu yana hanya. Mahaifiyarta ta tsufa, ido ya tafi. Yaron kuma ba ya yarda da kowa. Daga nan Haulatu ta daina fita. Ko wanka za ta yi, da ƙofa a buɗe take yi tana jin motsinsa.

Kanta ya fara sara, ƙafa na kumbura. A kantin magani aka auna ta, aka ce tansiyon ɗinta ya hau, wato hawan jini, ta je asibiti maza. Ina za ta kai yaron? Asibiti da cunkoso da kukan jarirai, ko minti biyar ba zai yi ba. Mutum ɗaya take buƙata ya zauna da shi rabin yini. Wannan duk daga baya na sani.

Abin da na sani a lokacin shi ne ba ta zuwa. Mu kuwa a Zango ba ma manta wadda ta zo da wadda ba ta zo ba. Wadda ta tsaya miki a murhu, dole ki tsaya mata. Wadda ta ƙi, ranarta na zuwa. Sunan gidan Rabiatou, babu Haulatu. Walimar alhazai, babu ita. Sai auren 'yata Zuhra, wadda a cinyar Haulatu aka yi mata kitson farko. Na yi ta duba ƙofa har la'asar. Aka ce ta zo bakin layi riƙe da hannun yaron, ta ji kiɗa, ta juya. Ni dai ban ga uzuri ba. Na ce yaro ne kawai ba a kwaɓa, ta mayar da shi sarki. Na faɗi haka a gaban mata, kuma na ji daɗin faɗa.

Bayan sati uku, wata Litinin da hantsi, ta yi sallama gidana. Ta rame, ido ya yi ja. Yaron na bayanta yana karkaɗa hannuwa.

"Yaya Assana, wata alfarma na zo nema."

"Alfarma?" na ce. "Yau kin san hanyar gidan nan? Ranar da na aurar da 'ya, ƙafarki ciwo take?"

Ban bar ta ta buɗe baki ba. Ina da baki, kowa ya sani, ranar kuwa na sake shi. Na lissafa mata gidajen da ta ƙi zuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya ta ji duka, ta ce, "Gaskiya ne, Yaya. A yi haƙuri." Ta ja hannun ɗanta suka tafi. Ban tambayi alfarmar ba.

Wata biyu bayan nan mahaifiyarta ta rasu. Ni na tara mata na ce a je a yi gaisuwa, wannan haƙƙin Musulunci ne, amma kada wadda ta ɗaura zanen aiki. Haka aka yi. Muka shiga, muka ce Allah ya ji ƙan rai, muka fito. Ranar sadakar uku, matar da ta girka wa rabin Zango ita kaɗai ta ɗora tukunya uku a tsakar gida, da rana tsaka, ido ɗaya a wuta ɗaya a kan yaro. Wajen azahar ta faɗi a gefen murhu. Malaman da suka zo addu'a ne suka ɗauke ta.

Ta rayu. Amma hannun hagu ya mutu, ƙafar tana ja, bakin ya ɗan karkace. Likita ya ce da an fara magani da wuri, da bai kai haka ba. A gabana ya faɗa, a barandar asibiti, ban iya kallon Salahu ba.

Yanzu mun raba kwanaki, mu shida. Kowacce na da safiyarta a gidan, Haulatu ta je asibiti a gasa mata hannu, ko ta kwanta ta yi barci kawai. Munir ba wuya gare shi ba in an san shi. Kada ka taɓa shi ba zato, kada ka ɗaga murya, shinkafarsa daban miya daban. Sati biyu na yi na koya. Sati biyu kacal. Akwai kuma taron iyayen irin waɗannan yara da ake yi a unguwar Adidogome sau ɗaya a wata, Rabiatou ke raka ta. In ta dawo har dariya take yi, ta ce ashe ba ita kaɗai ba ce.

Ba ta taɓa yi mini gori ba, wannan ne ma ya fi cina. Rannan ina taya ta ɗaura ɗankwali, don hannu ɗaya ba ya iyawa, na daure na tambaye ta.

"Haulatu, ranar da kika zo gidana, me kika zo nema?"

"Kai, Yaya, ai ya wuce."

"Don Allah faɗa mini."

Da na matsa, ta ce, "An ba ni Laraba ne in ga likita, ƙarfe takwas. Na ce ko za ki zauna mini da shi zuwa sha ɗaya. Ke kaɗai ce in kin shigo ba ya gudu ɗaki."

Na tuna Larabar nan sarai. Ban je kasuwa ba. Ina zaune a tabarma tun safe har azahar, ƙafafuna ɗaure cikin leda, ina jiran lalle ya kama.