Abin da Lubabatu Ta Yafe

Yayata Lubabatu tun muna yara kunne gare ta. Ni Hure kuwa, Inna kan ce da baki aka fara halittata. Shi ya sa ban yi mamaki ba da wani ƙaramin asibiti a Gummi ya ɗauke ta aikin sauraro. Wai shi ma aiki ne! Aka koya mata zama da matan da tashin hankali ya koro daga ƙauyuka, su amayar mata da abin da ke cin ransu. Sharaɗi ɗaya aka kafa mata: abin da aka faɗa a ɗakin nan, a nan zai ruɓe.

Mijinta Namadi mai fito ne a gulbi. Mutum ne mai fara'a, kullum da kanumfari a baki, yana tuƙi yana 'yar waƙa. Sun aurar da 'ya'ya, ban taɓa jin kansu ba.

Sai ga wata yarinya daga wajen Nasarawa Burkullu ta zo wurinta a asibiti. Bari in kira ta Zubaida, don ba sunanta ba ne. Mijinta ya tafi haƙar zinariya can Anka, ba aike ba saƙo, ita kuma tana zaune a tsallaken gulbi, gabanta na faɗuwa babu dalili. Sai da suka saba sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, akwai wani mutum."

Ba ta faɗi sunansa ba. Kunyar sunan take ji kamar na mijin aure, sai dai ta ce "shi". Shi ne ke tsallako da ita ranar kasuwa. Shi ne ke cire mata ƙayar kifi kafin ya miƙa mata. Wata rana ta ce babban yatsansa na hagu ba ya lanƙwasuwa, tun da ƙayar kifin kurungu ta soke shi. Wata rana kuma ta ce in ta ji ƙanshin kanumfari sai hawaye.

Lubabatu ta koma gida ta zuba wa Namadi tuwo, ta zauna tana kallon yatsansa na hagu a miƙe bisa bakin kwano.

To amma masu fito nawa ne kurungu bai soka ba? Su wa ba sa tauna kanumfari? Haka ta yi ta lallashin kanta. In ta tambayi Namadi, ta tona asirin matar aure, kuma kowa ya san irin wannan magana in ta fita ba ta barin mace da mutunci. In ta tambayi Zubaida sunan, don kanta ta tambaya, ba don maganin yarinya ba. Kamata ya yi ta miƙa ta ga wata abokiyar aikinta. Ba ta iya ba. Kowace Laraba, ranar zuwan Zubaida, tana zaune tana jiran kalmar da za ta kashe ta ko ta wanke mijinta.

Aikinta dai ta yi shi da gaskiya. Sannu a hankali Zubaida ta samu ƙarfin rabuwa da mutumin, ta daina zuwa asibiti. A damanar nan Namadi ya bar waƙa. Rabuwar ce ko tsufa, oho. Lubabatu ba ta fasa masa abinci da wanki ba, amma hira ta mutu a gidan. In ya ce, "Mi na yi miki?" sai ta ce, "Ba komi." Ni har faɗa na yi mata, na ce wannan miskilanci ya yi yawa. Kaico, ashe ban san dawan garin ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya riƙe hannunta ya ce ta yafe masa, kamar yadda kowane mai tafiya ke faɗa. Ta ce ta yafe duniya da lahira.

Ranar sadakar uku ina kusa da ita a tabarma, matan tsallake suka shigo gaisuwa. Ta ƙarshensu idonta ya kumbura suntum. Ta durƙusa za ta gaida matar mamaci, ta ɗago kai, sai ta sandare. Ashe Zubaida ce, ba ta taɓa sanin matar wa take faɗa wa cikinta ba.

"Inna... ke ce?"

"Ni ce, ɗiyata," in ji Lubabatu. Ta matsa mata wuri, har ruwa ta miƙa mata.

Bayan takaba Lubabatu ta ajiye aikin, sai a lokacin ta ba ni labari. Haushi ya kama ni, na ce da ni ce wallahi da gulbin nan ya ƙafe don masifa.

Can ta ce, "Ba yarinyar ke damuna ba, Hure. Da bakina na ce na yafe, alhali ban san abin da na yafe ba. Yanzu na sani, ga shi kuma babu wanda zan ce wa na fasa."