Labarinta, Sunan Wata

Wata rana Safara'u ta je kitso gidan wata mata a unguwarsu. Marubuciya ce, amma ba kowa ya sani ba. A waya take rubutu, ta tura zaurukan WhatsApp, shi ke nan.

Ana cikin tsefe mata kai, wata da ke jiran layi ta fara karanta wa mata labari daga wayarta. Tsakar gida ya yi tsit, har mai kitson ta rage hannu.

Tun a layi na biyu Safara'u ta gane shi. Labarinta ne, wanda ta rubuta shekarar da ta yi jinyar mahaifiyarta. Ko waƙafi ba a canja ba.

Sunan da ke sama kawai aka canja.

Ranta ya sosu, amma ta daure ta yi murmushi.

"'Yar'uwa, wallahi ni na rubuta labarin nan."

Matar ta dube ta, ba da raini ba. "To Anti, a ina za mu gani?"

Wayar da Safara'u ta yi rubutun da ita ta daɗe da lalacewa. Zauren da ta fara turawa ya watse. Ina za ta nuna?

Da ta koma gida ta buɗe bulog. Ba wani abin wahala ba ne, jama'a: shafi ne naka na kanka a intanet, duk abin da ka saka yana nan zaune da sunanka da ranar da ka saka shi. Sau nawa aka ba ta wannan shawarar tana cewa sai ta samu lokaci?

Labarin nan ta fara sakawa, tana murna ya dawo gida.

Washegari ta ga mutum ɗaya ya yi sharhi. Ta buɗe da ɗoki.

"Baiwar Allah, ki ji tsoron Allah. Ki daina satar labarin mutane."

Darasi: Marubuci, ka yi wa rubutunka gida tun kafin ka sake shi ya shiga duniya. Ka fara sakawa a shafinka, sannan ka tura zaure. Idan ka makara, kai ne za ka zama baƙo a wurin abin da ka rubuta.

Kun san wani mai rubutu a waya? Don Allah ku tura masa wannan yau.