'Yar Sama Jannati a Cikin Tsarabar Umra

Ana sallame sallar asuba muka bar gida, ni da Hajiyata da wani aminina malamin makaranta da ya yi ritaya, muka nufi filin jirgin Kano za mu Umra. Kayan Hajiya kaɗai sun isa a kafa kasuwa: kuka, daddawa, yaji, busasshiyar kuɓewa. Na ce mata mutanen Makka ba fari ake yi musu ba, ta ce in ja bakina.

Ni jakata shafal take, abin da ya yi mini nauyi alkawari ne. Ina da jika, Hanifa, shekarunta takwas. Malamarsu ta tambayi abin da kowa ke son zama, ita ta ce 'yar sama jannati. Aji ya kwashe da dariya, wani ma ya ce mace ko mangwaro ba ta iya hawa, balle kumbo. Ta dawo gida da kuka. Uwarta ta nuna mata hoton wata 'yartsana a waya, sanye da fararen kayan sama jannati da hular kwano kamar ta gilashi. Ni da bakina ba ya zama wuri ɗaya na ce, "Amarya, share hawayenki. Irin wannan a Makka a bakin titi ake kasa su kamar tumatir. Ko wata kika ce, sai in sauko miki da shi." Washegari ta shaida wa ajin kaf cewa kakanta zai kawo mata. Ranar da za mu tafi uwarta ta ja ni gefe ta ce, "Baba, kowa a gidan nan ya san zancenka sai an zubar da rabi. Ita ba ta sani ba."

A jirgi aka ba mu shinkafa wadda ba ta kai loma uku ba, na cinye tawa na taya malam. Zanen harami da tumbina kuwa tun daga sama suka soma rigima, sai da na ɗaure shi da bel kamar buhun gero. Daga Jidda muka shiga mota. Titin nan sumul yake, har na fara kewar ramukan unguwarmu, don su ne ke hana direba gyangyaɗi. Amma da idona ya sauka kan Ka'aba duk surutun ya ɗauke. Hajiya ta ce a shekarun aurenmu ba ta taɓa ganin na yi shiru haka ba. Muka yi ɗawafi da sa'ayi, aka kwashe mini ɗan gashin da ya rage.

A Misfala muka sauka, inda ƙafa ke kai mutum Harami. Unguwar ba ta numfashi: masaukai, shaguna, alhazai kowace ƙasa da irin tafiyarta. Shayi riyal biyu, gurasa faɗin faifai da ɗumi. Kazar da suke gasawa kuwa ko tsohon da ba shi da haƙori ko ɗaya zai gama da ita.

A rana ta uku na fara neman tsarabar Hanifa da ƙarfin gwiwata. Na ga raƙumi mai waƙa, na ga jirgi mai walƙiya, na ga 'yartsana mai kayan amare, har da mai kuka idan an danna cikinta. 'Yar sama jannati babu. Larabcina kalma huɗu ne, saboda haka sai in nuna sama in kewaye kaina da hannu biyu. Wani mai shago ya kalle ni da tausayi ya miƙo mini lema. Ina jin na shiga shago dubu. Malam ya ce goma sha ɗaya ne, amma shi ai lissafi ya koyar.

Tuwo ne ya cece ni. A wani lungu akwai wata dattijuwa da ke sayar da tuwon shinkafa, iyayenta ta Sudan suka shigo da ƙafa, Hausarta ta Sakkwato ce tsantsa da Larabci a tsakiya. Ta ga na ci malmala biyu kacal, ta ce, "Alhaji, lahiya? Jiya huɗu ka ci." Na kwashe labari na gaya mata. Ta yi dariya ta ce, "Mafi mushkila, ba damuwa. Ɗana na Rusaifa, ɗakinai cike yake da wannan shirme. Ƙato da gemu, yana tara ɗiyan roba."

Bayan la'asar ni da malam muka ɗauki tasi zuwa Rusaifa. Can ba turereniya, gidaje ne da shaguna da mutanen gari suna harkarsu. Ɗan nata magidanci ne, a Makka aka haife shi, Hausarsa sai ta dafa Larabci take tsayawa. Ya zuba mana gahawa a ɗan kofin da ba ya jiƙa harshe, sannan ya buɗe ɗakin. Kumbo ƙanana, hotunan wata, tambura, da 'yartsana jere a kanta, kowace a cikin kwalinta mai fuskar leda. Ga mai fararen kaya, ga mai ruwan azurfa, ga wata baƙa kyakkyawa, ita ma cikin fararen kaya, da hularta a hannu, sak Hanifa. Har da ita biyu.

Na kai hannu, ya tare ni. "La, ya ammi, ba a buɗewa." Ya yi mini bayani cewa su masu tara irin waɗannan kaya kwalin ne rabin darajar. Da zarar an yage shi, ta koma abin wasan yara. Na ce to ai ni abin wasan yara nake nema. Ya ce ba ta sayarwa ba ce. Na ba shi labarin Hanifa, na ƙara gishiri har sai da ajin ya zama mutum ɗari uku. Ya ji tausayi, ya ƙaro gahawa, amma bai saki ba.

Abin da bakina ya kasa, daddawar Hajiya ta yi. Da safe ta ɗauki ƙullin daddawa da kuka ta kai wa dattijuwar nan gaisuwa. Tsohuwa ta shinshina ta lumshe ido, ta ce rabonta da irin wannan tun uwarta na da rai. Nan take ta kira ɗan a waya. Ban ji me ya ce ba, ita dai na ji ta ce, "Kana da biyu, yarinya ba ta da ko guda. Halas." Kafin azahar ya kawo da kansa, rungume kamar jariri. Ya roƙe ni abu ɗaya, kada a buɗe sai a hannun mai ita. Na buga ƙirji na ce ko sauro ba zai taɓa kwalin ba.

Wanda ya taɓa zuwa ya san abin da matanmu ke yi ranar haɗa kaya. Tsoron sikelin filin jirgi ya sa duk abin da ke cikin kwali sai an tuɓe shi: turare, agogo, fitila, takalmi. A zubar da kwali, a cusa kaya cikin safa da hannun jallabiya. Na tafi ɗawafin bankwana na dawo na tarar Hajiya da matan ayarinmu sun gama aiki, suna zaune kan jaka ana jan zif. Na tambayi 'yartsana. Hajiya ta zaro ta daga cikin safata, tana alfahari ta rage nauyi. Kwali ya tafi. Hula ma babu.

Da na tambayi hular, Hajiya ta ce, "Wace hula? Wannan 'yar robar? Ai na ɗauka cikin marufin take."

In babu hular nan, mace ce kawai da farar riga, ajin su Hanifa cewa za su yi nas ce. Mota kuma saura awa guda. Na sauka bayan masauki inda ake tara shara, na naɗe hannun sabuwar jallabiyata. Alhazan masauki guda sun tuɓe kwalayensu rana ɗaya, tarin ya kusa kai Dala. Malam na riƙe da leda, ni ina tono. Wani Bature-Baturen alhaji ya wuce ya ga dattijo a cikin shara, ya miƙo mini sadakar dabino. Na karɓa, don ba lokacin bayani. Can ƙasan ƙwallayen dabino da ganyen shayi na ga abu yana ƙyalli, bai fi ƙwai girma ba. Hular ce. Na wanke ta sau bakwai, na saka a aljihun gaba, hannuna bai bar wurin ba har Kano.

Mun iso gida da hantsi. Ana ta rabon dabino da zamzam da carbi, Hanifa ko kallo ba ta yi ba, tana tsaye a gabana. Na zaro 'yartsana, na ɗora mata hularta, na miƙa. Ta ƙare mata kallo, sannan ta ce, "Kalata ce." Uwarta ta juya ta shiga ɗaki tana gyara mayafi. Na ɗauki Hanifa hoto da 'yartsanarta na aika wa mutumin Rusaifa ta waya, na amsa laifin kwali. Ya turo fuskar kuka guda uku, daga baya ya rubuto, "Masha Allah, ta isa inda za ta."

Tafiyar nan ta koya mini in daina raina kayan Hajiya, kuma in ajiye duk abin da nake so a ƙarƙashin filo ranar haɗa kaya. Babban darasin kuwa, mai yawan zuƙi ya riƙa duba wa ke saurarensa, don a cikin masu dariya akwai wadda ta ɗauka da gaske. Na yi niyyar rage baki daga ranar.

Ran Litinin Hanifa ta tafi da ita makaranta. Ta dawo ta ce kowa ya taɓa hular, har mai zancen mangwaro sai da ya roƙa. Sannan ta dafa gwiwata ta ce, "Tsoho, na gaya musu saura watan. Na ce sati mai zuwa."