Ƙwayar da na raba tsakanin mata biyu

Shekara goma sha ɗaya ina rabon ruwa a kanal ɗinmu na bayan Bunkure, ba wanda ya taɓa cewa na fifita gonar wani. Wannan alfaharin ne ya kai ni ga taɓa abin da ban sani ba.

Da aka yi wa maiɗakina aikin sankarar mama a Kano, sai aka kai abin da aka cire gwaji. Likitar, wadda ba ta kai 'yata ta fari shekaru ba, ta zaunar da ni.

"Baba, ciwon nan iri-iri ne. Nata yana shan wani sinadari da jikin mace ke yi, da shi yake girma. Wannan ƙwayar tana toshe masa hanya. Ɗaya kullum, shekara biyar, ko da ta ji garau."

Na ce na gane, ai rufe ƙofar ruwa ne. Ta yi dariya ta ce haka ne.

Bayan damina biyu ciwon ya fito wa ƙanwata, wadda ta dawo gidana tun rasuwar mijinta. Gwajinta ya nuna nata ba ya shan sinadarin nan. Ba a ba ta ƙwaya ba, aka ce sai ƙarin ruwa na magani, mai sa amai da zubewar gashi. Ta je sau biyu, ta dawo kamar tsumma.

"Yaya, ni na gama. Matarka ta haɗiyi ƙwaya ɗaya ta tafi shanyar shinkafa, ni kuma a riƙa dafa ni da raina?"

Ciwo ɗaya a gida ɗaya, an ba wata an hana wata. Ni a idona zalunci ne. Sai na yanke hukunci irin na bakin kanal: yau wannan ta sha, gobe waccan.

Maiɗakina ta riƙe kwalin ƙwayar a ƙirjinta. "Malam, likita ta ce kullum."

"Likita ba ta da ƙanwa a gidan nan."

Ta miƙo mini. Ƙanwata kuwa, tunda ta samu ƙwaya, ba ta sake taka asibiti ba. Ƙwayar ta yi ta toshe hanyar da ciwonta bai taɓa bi ba. Kafin a gama ɗiban tumatir na rani na biyu muka kai ta makwancinta.

Daga baya maiɗakina ta fara kukan ciwon baya. Aka yi hoto, aka ce sankarar ce ta koma ƙashi. Likitar ta dube ta.

"Mama, kina shan ƙwayar kullum kuwa?"

"Kullum," in ji ta, idonta a ƙasa.

Ina zaune a gefenta, hulata a gwiwa, na bar maganar ta wuce a haka.

Da maiɗakina ta rasu, masu ta'aziyya sun ce kwana ne ya ƙare, na kuma yarda. An ce mini wani lokaci ciwon yakan dawo ko ana shan ƙwayar daidai. Amma ni ne na karɓi kwalin daga hannunta. Wata bakwai ta yi tana jinya, ina juya ta ina ba ta kunu, ina jiran ta yi mini gori ko sau ɗaya in samu abin da zan nemi gafara a kai. Ba ta yi ba, ni ma ban fara ba.