Ranar da Muka Yi Tsere da Sojoji

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ranar da muka yi tsere da sojoji a kan ruwan Yawuri ba za ta fita ba. Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, ina budurwa, kuma Baba bai daɗe da ɗaura wa jirginsa sabon inji ba. Da injin nan ake kai 'yan kasuwa Wara, da shi gidanmu ke ci.

Washegarin Sallah ɗiyar ƙanwar Inna ta zo daga Sakkwato, yarinyar da ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi na rijiya ba. Muka addabi yayana sai ya fita da mu yawo. Da ƙyar Baba ya yarda, ya ce masa, "Injin ga amana ne, ka maido mini shi yadda ka ɗauka." Muka cika samira da tuwon shinkafa da miyar kifi, muka rufe da tabarma, sai cikin ruwa.

Kai, daɗi! Iska na fizgar ɗankwalina, ruwa na fallatso mana a fuska. Baƙuwar tamu ta ƙanƙame ni tana salati, can kuma ta saki jiki har tana cewa a ƙara wuta.

To, samarin bakin ruwa suna da wata al'ada. In jirgi ya biyo ka, mai shi ya cire hula ya kaɗa sama, tsere yake nema, kuma wanda aka tsere wa ya rasa hularsa. Yayana kuwa hulunan mutane har sun cika masa bangon ɗaki. Muna cikin tafiya sai ga wani jirgi daga nesa, mutum tsaye yana kaɗa hula. Baƙuwa ta ce, "Yaya, mi wancan ke nuhi?" Ya yi dariya ya ce, "Ya gaji da hularsa ne. Ku riƙe da kyau!"

Ya murɗa injin, gaban jirgi ya ɗaga. Wayyo, murna! Ina guɗa, baƙuwa na ihu, muna ɗaga musu hannu su taho in sun isa. Suna ƙara kaɗa hula, muna ƙara gudu. Sai muka ji tau! Harbi a sama. Nan take yayana ya kashe injin.

Da suka iso muka ga kaki. Ashe sojoji ne masu sintirin kama 'yan fasa-ƙwaurin mai, tsayar da mu suke yi. Sajensu ya diro jirginmu ya yaye tabarma, ya tarar da tuwo. Ya daka tsawa, "In ba ku ɗauko komai ba, gudun me kuke? A kwance injin!" Yayana ya durƙusa yana rantsuwa yana bayanin al'adar hula, saje ya ce ya raina masa hankali. Ina jin ƙarar sifana a jikin injin, fuskar Baba kawai nake gani. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Can na hango wani jirgin samari tafe. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Ranka shi daɗe, don Allah kaɗa wa waɗancan hularka ka gani."

Ya harare ni, sannan ya cire ya kaɗa. Wallahi kamar jira suke! Injinsu ya yi kuka, suka kwasa a guje suna shewa, wani har yana juyowa yana yi masa gwalo. Saje ya tsaya da hula a hannu, baki buɗe. Sai dariya ta ƙwace masa, har da riƙe ciki.

Ya sa aka ɗaure injin tsaf. Tuwonmu ma tare muka cinye shi. Da za su tafi ya dubi yayana ya ce, "Ka ci tsere, ban musa ba. Amma wannan hular ta gwamnati ce."

Mun iske Baba a bakin ruwa yana jira. Ya shafa injinsa ya ce, "Lafiya dai?" Mu duka muka ce lafiya lau. Tun ranar na koyi cewa abin da yake wasa a garinku, a hannun baƙo yana iya zama umarni. Har yau in an kaɗa mini hula, sai na fara duba kan da ta fito.