Ƙwallayen dabino a kujerar da babu kowa

Shekarun baya, ina koyarwa a wata ƙaramar lakwal, wato makarantar firamare, a Gudel, ajin yara masu buƙata ta musamman. Aikina har da ƙirga ci gaban kowane yaro. Da yake in suka ga biro a hannuna sai su daskare, sai na koma zuba ƙwallon dabino a aljihu. Yaro ya furta kalma, in mayar da ƙwallo guda zuwa ɗaya aljihun. Ni a ganina babu wanda ya gano dabarar, har yabon kaina nake.

Akwai wata yarinya da ba ta taɓa ce mini uffan ba. Dirakta ya ce in shekara ta ƙare babu shaidar ci gaba, babanta zai maida ta ƙauye, a ba wani gurbinta. Abin ya tsaya mini a rai, don ina son yarinyar nan.

Abokin zamanta, yaro mai surutu, zazzaɓi ya ɗauke shi da damina. Na kasa fitar da kujerarsa. Bayan rasuwar sai na fara tarar da ƙwallayen dabino jere a kanta duk lokacin tashi. Na duba aljihuna, nawa suna nan. Mai shara ta rantse ba ita ba ce, ta kuma daina shiga ajin ita kaɗai.

Sai na sa ido. Ashe in na yi tambaya, yarinyar takan juya wajen kujerar, ta karkata kai kamar mai sauraro, ta jira, sannan ta zaro ƙwallo ta ajiye. Wata tambayar kuma ta girgiza kai, ba ta ajiye komai ba. Tsigar jikina ta tashi da rana tsaka.

Ranar da dirakta ya shigo duba ajin, na ɗaga kujerar don kada ya ga abin. Yarinyar ta riƙe zanena.

"Madam, bari. Bai gama ba."

Dirakta ya ji da kunnensa, gurbinta ya tsira. Ni kuwa na mayar da kujerar.

Har yau ina koyarwa, ina kuma ƙirga. Amma in na yi tambaya aji ya yi tsit, nakan ɗan jira kafin in ce babu wanda ya amsa.